Waiwaye: Tarin Ranar Litinin

Duk inda dattawa suka zauna a ƙasar nan tamu, ko gindin dogon yaro a Wurno, ko rumfar mai shayi a Goronyo, ko ƙofar masallaci a Rabah bayan la'asar, in hira ta yi nisa sai ta ratso ta kan auduga. Wannan ya tuna shekarar da kuɗin kaɗa suka yi masa aure, wancan ya tuna keken Raleigh ɗin da ya turo daga Gusau, wani ya ce a zamaninsu saurayi ba ya zuwa Kaduna ya dawo hannu rabbana. Duk gaskiya ne, ni ma ba a bar ni a baya ba wajen irin wannan hira. Amma ku kasa kunne da kyau wata rana. Za ku ji mai ba da labarin ya tsaya tsakiyar magana, ya yi tari, ya dafe ƙirji, ya nemo numfashi, sannan ya ɗora. Mukan ce masa sannu, mu miƙa masa ruwa, mu jira ya ci gaba. Ba mu cika kawo wa ranmu cewa tarin nan ma yana cikin labarin ba.

Mu dai jikokin masu zare ne. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya kafa Wurno ribaɗi kuma ya rasu a cikinta a 1837, bai ɗauki sana'ar hannu da wasa ba. A littafinsa Usulus Siyasa, wanda ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, ya sa kula da masu sana'a cikin nauyin da ke wuyan shugaba, a wadata birni da ƙauye da su gwargwadon buƙatar jama'a. Shi ne kuma malamin da ya zauna ya yi rubuce-rubuce a kan magani, har da na ciwon ido da na basir. Ko da Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, ya sauka Wurno a 1853, zamanin Sarkin Musulmi Aliyu Babba, ya riga ya gani a kasuwar Kano yadda fatake ke ɗaukar tufar ƙasar Hausa har Tambutu da Tarabulus. Kowace riga a cikin kayan nan kuwa daga hannun wata mata ta faro, a tsakar gida.

Waɗanda suka tashi gaban kakanni a cikinmu sun ga abin da idonsu. An kawar da amfanin gona, sanyi ya shigo, tsohuwa ta baje tabarma inda rana ke faɗowa, ta ajiye magurji gabanta. Ta ɗora 'yar auduga a kan dutsen, ta danna siririn ƙarfe da tafin hannu biyu, ta murza gaba. Gurya ta fice ta gangaro, farar ta rage a baya. Sai bakan shiɓa. Ta nutsa tsirkiya cikin tulin, ta riƙa fizgarta da yatsa, tsirkiya na ƙara, auduga na tashi tana kumbura har ta yi laushi. A nan ne za ka hangi abin cikin hasken rana, wani farin gari-gari yana yawo, yana sauka kan ɗankwalinta da gashin idonta. Ta yi atishawa, ta ce alhamdu lillahi, ta dangwali alli, ta murza mazari. Da zaren nan da abawa mata da yawa suka yi wa 'ya'yansu kayan ɗaki, ba su ko taka ƙofar gida ba.

Yau in ka nuna wa jikanyarka mazari sai ta tambaye ka na mene ne. Atamfar jikinta daga Sin take, zaren da aka ɗinka ta da shi ma haka. Ban ce laifinta ba ne.

Ƙurar kakanninmu ba ta cika yin ɓarna ba. A sarari suke aiki, iska na kaɗawa, audugar tsintar hannu ce da aka tsince wa datti, kuma abin da mace za ta shiɓe a yini bai wuce cikin ƙwarya ba. Ga tashi girki, ga salla, ga raino. Ba ta wuni da kanta a cikin ƙura. Wanda ya fi shan ta a wancan zamani shi ne mai yin katifa da matashin kai, wanda ke farke tsohuwar katifa a cikin shago, ya zazzage audugar da ta sha gumi da damshi, ya bi ta da sanda.

Da zuwan inji ne al'amari ya sauya. A 1902 masu masaƙun Lankasha a Ingila suka kafa ƙungiyar BCGA, Bisije a bakin mutanenmu, don su samar wa injinansu auduga daga ƙasashen da Ingila ta mallaka. Aka kawo irin Amurka mai dogon zare ana rabawa kyauta ta hannun uwayen ƙasa, aka buɗe fuloti inda malamin auduga ke duba kaya ya yanke lamba kafin a hau sikeli. Jirgin ƙasa ya biyo ta Gusau ya isa Ƙauran Namoda a 1929, gidajen gurza suka tsaya a Zariya da Funtuwa da Malumfashi da Gusau. Mu nan gabas da Sakkwato fadamarmu ta fi karkata ga shinkafa da albasa, cibiyar auduga a lardin tana can wajen Gusau da Tsafe da Mafara. Amma ƙafarmu ta kai can. Da an gama girbi samari ke naɗe tabarma su tafi cin rani, kuma lokacin gurza ya faɗo daidai kan lokacin cin rani: ɗaukar buhu, tura auduga bakin inji, sharar ƙarƙashinsa, ɗaure dila. Da yamma su fito kai da gira fari fat, su kakkaɓe, su yi dariyar juna.

Ɗan Rabah ne kuma ya kai abin mataki na gaba. Sir Ahmadu Bello ya riƙe hakimcin Rabah daga 1934, a 1938 aka kai shi Gusau, garin da ake ɗaure audugarmu ɗanya a tura ta Ingila, ta dawo mana yadi mu saya da tsada. Da ya zama Firimiya, gwamnatinsa ta haɗa hannu da kamfanin David Whitehead na Lankasha, masaƙar Kaduna Textiles ta fara aiki a 1957. Nortex da Arewa da UNTL suka biyo baya cikin shekarun 1960, Gusau ma ta sami tata, Zamfara Textiles. Unguwar Kakuri a Kaduna ta cika ta batse. Zuwa shekarun 1980 babu masana'antar da ta kai masaƙu ɗaukar ma'aikata a Nijeriya. Aikin alheri ne, Allah ya jiƙan waɗanda suka tsaya a kansa. Gidaje nawa ne a nan suka ci suka sha, suka sa 'ya'ya makaranta, suka sauke farali da albashin masaƙa? Sai dai kowa ya ci zomo ya ci gudu. Injin da aka sauko da shi daga Lankasha ya taho da ciwon da Lankasha ta sani tun shekara ɗari kafin nan.

Ina da kawu da ya yi aiki a ɗaya daga cikin masaƙun Kaduna, a ɗakin da ake kwance dila a bubbuge auduga a taje ta kafin ta wuce wurin kaɗi. In ya zo hutun salla, ga rediyo, ga agogo, ga turmin yadi na kowa da kowa, mu yara ba ma barin gindinsa. A gida lafiyarsa lau, har fadama yake bin mu ya taya ban-ruwa. Ranar da ya fara kawo zancen ma cikin raha ya kawo shi. "Ƙirjin ga nau ya hi ni sanin kwanaki," in ji shi. "Ko an ɓoye mani kalanda, in Littinin ta yi shi ka hwaɗa mani." Wai da ya shiga aiki ranar Litinin, kafin azahar sai ƙirjin ya ɗaure, numfashi ba ya kaiwa ƙasa, ga busasshen tari. Talata da sauƙi, zuwa Alhamis kamar ba shi ba. Abokan aikinsa na yi masa tsiya wai ƙyuya ce, Lahadi ce ba ta gama sakinsa ba. Kakarmu kuwa nan take ta yanke hukunci: "Sanyin Kaduna na, ɗan nan." Ta daka masa citta da kanumfari da masoro, ta ƙulle a tsumma ya tafi da su.

Shekaru suka tura, Litinin ta jawo Talata, Talata ta jawo Laraba, har ya zama babu ranar sauƙi. Ko da ya dawo gida gaba ɗaya, mutumin da ke saɓa buhun shinkafa shi kaɗai ya koma sai ya tsaya ya huta tsakanin gida da masallaci. Aka gwada kakinsa, ba tarin fuka. Aka ɗauki hoton ƙirji, aka ce ba a ga komai ba. In asibiti ta ce ba ta ga komai ba, kun san inda zance ke nufa a garuruwanmu: aka fara kallon wane da wance. An sha saiwa, an yi hayaƙi, hayaƙin ma ƙara shaƙe shi ya yi. Rashin sani ya fi dare duhu. Cikin masu dubiya da masu ba da magani babu wanda ya tambaye shi a wane ɗaki ya yi aiki.

Likitoci na kiran ciwon bisinosis, ma'aikatan Ingila kuwa sun daɗe suna ce masa zazzaɓin Litinin. Farin zaren da muke gani yana yawo ba shi ne babban mai laifi ba, hanci da maƙogwaro na tare mafi yawansa. Ɓarnar tana cikin dattin da ke biyo auduga daga gona: busasshen ganyen nan da ke rungume da ƙwallon, da guntayen kara, da ƙasa. A jikinsu akwai ƙwayoyin bakteriya, kuma ɓawon ƙwayoyin na ɗauke da wani dafi da ke nan daram ko bayan ƙwayar ta mutu. Inji ya niƙe su, su zama ƙura mai laushin da ido ba ya gani, ta wuce hanci, ta gangara can cikin ƙananan hanyoyin iska na huhu. Jiki ya tashi faɗa da ita: bangon hanyoyin ya kumbura, naman da ke kewaye da su ya tsuke kamar an zuge bakin jaka, majina ta taru. Iska ta shiga da ƙyar, ta fita da ƙyar.

To me ya haɗa ciwo da Litinin? In mutum ya jera kwanaki yana shaƙar ƙurar, jiki kan ɗan saba, faɗan ya lafa. Hutun kwana ɗaya ko biyu ke warware sabon, shi ya sa ranar komawa aiki ta fi tsanani. Inda Juma'a ce ranar hutu, Asabar ce ranar tarin. Wani likitan Ingila, Richard Schilling, da ya bi ma'aikatan masaƙun Lankasha a shekarun 1950, ya jera matakan ciwon: mai jin ɗaurewar ƙirji wasu Litinin, mai ji kowace Litinin, mai ji Litinin da sauran kwanaki, sai wanda huhunsa ya nakasa har abada. A matakan farko, in an janye mutum daga ƙura yakan warware. A na ƙarshe sai dai lallaɓawa. Hoton ƙirji kuwa sau da yawa tas yake fita, domin ciwon ba ya barin tabo irin na tarin fuka. Abin da ke kama shi na'urar hurawa ce, wadda ke auna yawan iskar da mutum zai iya fesowa cikin daƙiƙa ɗaya, a gwada shi kafin ya shiga aiki, a sake bayan ya tashi. Mai shan taba ya tara wa huhunsa abokan gaba biyu. 'Yan gidan gurza sun ɗan fi sa'a, don aikinsu na 'yan watanni ne, damina na ba su hutu. Amma su ma sabon shiga kan kwanta a makon farko da zazzaɓi da ciwon jiki da tari, a ce sauro ne.

Tun a 1700 wani likitan Italiya, Bernardino Ramazzini, ya wallafa littafi kan cututtukan masu sana'a, ya ambaci tarin masu taje zaren kittani, ya kuma nemi likitoci su ƙara tambaya guda a kan waɗanda suka gada, wato su tambayi mara lafiya sana'arsa. Shekara 300 da ɗoriya ke nan. Ban ga laifin likitan da layi ya yi wa yawa ba in tambayar ta kuɓuce masa. Mu ma da ke raka mara lafiya ba ma kawo zancen. Mukan ce tari ne da haki, mu ja baki mu yi shiru, alhali mun san shekarun da ya kwashe a cikin ƙura.

Turawan ma ba da daɗin rai suka amsa ba. Sai a 1941 Ingila ta fara biyan diyyar wannan ciwo, shi ma ga namijin da ya shekara 20 a bakin aikin kuma ya nakasa gaba ɗaya. Amurka ta daɗe tana musun akwai shi a masaƙunta, sai a 1978 ta tsaurara dokar ƙayyade ƙura, kada ta wuce mikrogiram 200 a kowace kubik mita ta iska a ɗakunan kaɗi. Masu masaƙu suka garzaya kotu wai kuɗin gyaran ya yi yawa, Kotun Ƙoli ta tabbatar da dokar a 1981. Aka kafa injinan zuƙe ƙura, aka rufe bakin injinan taza, aka riƙa gwada huhun ma'aikata a kai a kai. Masu ciwon suka ragu har suka koma ƙasa da mutum 1 cikin 100. A wannan shekara ta 1981 kuma masu bincike a birnin Shanghai na Sin suka fara bin ma'aikatan auduga 447 da na siliki 472, shekara da shekaru suna auna huhunsu. Na auduga ne ƙarfin numfashinsu ya fi saurin raguwa. Amma sun ga wani abu mai sanyaya rai: bayan barin aiki raguwar kan lafa, wasu har su ɗan farfaɗo.

Mu kuwa rufe masaƙu ne ya kwantar mana da ƙura. An rushe hukumar auduga a 1986, wutar lantarki ta yi ƙaranci, baƙin mai ya yi tsada, yadin fasa-ƙwauri ya cika kasuwa. Kaduna Textiles ta tsaya a 2002, UNTL a 2007, saura ma suka rufe ɗaya bayan ɗaya. Jaridu sun ƙirga guraben aikin da aka rasa, 'yan ƙwadago sun yi ta fafutukar kuɗin sallama, tsofaffin ma'aikata da yawa sun rasu suna jira. Wasu suka zauna a Kakuri suna buga-buga, wasu suka tattaro suka dawo Achida da Gandi da Shinaka, suka koma gona da ƙirjin da ba ya iya noma. A 2010 an yi dokar diyyar ma'aikata, wadda hukumar NSITF ke riƙe da ita, kuma ta haɗa da cututtukan da aiki ke jawowa. Sai dai ta zo bayan an kulle ƙofa. Tsohon da ba shi da takardar gwajin huhu ta ranar da ya kama aiki, da me zai kafa hujja, kuma a gaban wa?

Kada mu ce abin ya tafi tare da auduga, don abin da ya ci Doma ba ya barin Awai. Tun da aka kammala madatsar Goronyo a 1984, ga kuma ban-ruwan Wurno, shinkafa ta ƙara zama abin tinƙahonmu, injinan casa da na niƙa suka cika unguwanni. Ƙurar hatsi da ƙaiƙayi na ɗauke da irin dafin nan na ƙurar auduga. Ku leƙa shagon mai inji ranar kasuwa: ɗaki ƙarami, ƙofa guda, ba taga, yaro matashi a tsaye bakin inji tun safe, gashin idonsa fari, ya ɗaure hanci da hankici ko bai ɗaure ba. Hankici na tare manyan ne kawai, mai laushin da ke yin ɓarnar wucewa take. Takunkumi mai matse fuska irin N95, wanda muka sani tun zamanin korona, shi ke tare ta. Sauran kuwa dabara ce da ba ta cin kuɗi sosai: a fasa taga biyu masu fuskantar juna, ko a fito da injin rumfa, a yayyafa ruwa kafin shara, mai aiki ya tsaya ta inda iska ke busowa. In yaro ya ce ƙirjinsa na ɗaurewa duk ranar da ya koma inji bayan hutu, a saurare shi.

A 2019 Babban Bankin Nijeriya ya ƙaddamar da rabon irin auduga a Katsina, ya kuma hana masu shigo da yadi samun dala ta hannun gwamnati, duk don masaƙu su farfaɗo. Ina cikin masu addu'ar Allah ya sa su tashi, don jikokinmu ne za su cika su, kuma zaman banza ya fi ƙura kisa a ƙasar nan yanzu. Fatana dai, ranar da za a yanke ƙyallen buɗewa, a sami ko mutum guda cikin wakilanmu da zai nemi a nuna masa injin zuƙe ƙura da na'urar gwajin huhu kafin ya tambayi kason guraben aiki.

Dattawan da suka rage mana kuma akwai abin yi musu. Tarin da ya wuce mako biyu a fara gwada shi ko tarin fuka ne, gwajin da maganin kyauta ne a asibitocin gwamnati. In an ce ba shi ba ne, kada a tsaya nan. A nemi gwajin hurawa a babban asibiti, irin na koyarwa da ke Sakkwato. Akwai maganin shaƙa mai buɗe hanyoyin iska, ba ya mayar da huhun jiya amma yana sa tsoho ya kai masallaci ba tare da ya zauna a hanya ba. A raba shi da taba, a nisanta ɗakinsa da murhun itace da hayaƙin turaren wuta, in hunturu ya taso da hazo ya rufe hanci. Wanda ya raka shi asibiti, tun kafin a tambaya, ya ce: likita, baban nan ya yi aikin auduga, shekara kaza, a ɗaki kaza. In ɗan rakiya bai sani ba ya tambayi tsohon. Yawancinsu ba su manta sunan ɗakin ba, wasu har lambar injinsu za su faɗa maka.